Sunan da Aka Hana Zenobia Faɗa

"Ki dube ni, Zenobia. Ki daina kallon titi, ni za ki kalla."

Ba ta dube shi ba. Tana jingine da motarsa ta aiki a gaban shagon soya kifi, tarwaɗar da ya saya mata tana hucewa a hannunta.

"Dontrell, don Allah... ba yau ba."

"To yaushe? Asabar ce fa bikin! An ce ke za ki hau dandamali ki gaya wa duk mutanen Memphis cewa mahaifinki shi kaɗai ya gina Blue Porch. Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Mama ce ta..."

"Ban tambayi Mama ba. Ke nake tambaya, masoyiyata."

Da bai kira ta da wannan sunan ba, da ta iya yi masa tsawa. Sai kawai idonta ya ciko.

Blue Porch kamfanin waƙoƙin gambara ne da mutum biyu suka kafa a barandar wani gida mai shuɗin fenti, tun ba a haifi Zenobia ba. Cornelius Tillery, mahaifinta, wanda ake kira Neal, shi ne mai baki, mai rera waƙar. Lamont Pettis, mahaifin Dontrell, shi ne mai kiɗa. Kaset suke bugawa su loda a but ɗin tsohuwar motar Cornelius, su bi gidajen mai da shagunan aski suna sayarwa. Da abin ya bunƙasa sai zumunci ya lalace. Cornelius ya sa sunansa shi kaɗai a takardun kamfani, Lamont ya kai ƙara. Cornelius ya mutu shari'a ba ta ƙare ba, matarsa Odessa ta gaje ta kamar yadda ta gaji gida. Babu mai gaskiya tsantsa a cikinsu, duk wanda ya ce akwai ƙarya yake yi. Manya suka yi ɓarna, suka bar wa yara.

"Wai ma me za ku kunna?" in ji Dontrell. "Alƙali ya hana a sa ko faifai ɗaya a bainar jama'a sai ya yanke hukunci."

"Jawabi kawai za a yi. A ci abinci a watse."

"Bikin Blue Porch babu kiɗa! Ai gara ku kira shi zaman makoki."

"Kar ka yi min ba'a, ban da lafiyar zuciya."

Ya sassauta murya, ya kama yatsunta.

"Zee, ciwon suga ya cinye Babana. Hannunsa ko cokali da ƙyar yake riƙewa. Ba kamfani yake nema yanzu ba, so yake a ambaci sunansa sau ɗaya yana da rai. In kika goge shi a gaban jama'a, ba zan iya ɗaukarki in kai ki gabansa in ce ga matar da zan aura ba. Ina sonki kamar raina, amma ba zan iya ba."

"Ni kuma uwata fa? In jefar da ita?"

Ya shiga mota ya tafi gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ake jiransa.

Ranar Asabar da safe Mama Odessa ta kira ta ɗaki. Doguwar mace ce, shugabar mata a cocinsu, ba ta maimaita magana. Ta buɗe akwati ta ɗauko sarƙar marigayi, wadda duk wanda ya rataya ta shi ne bakin kamfani, ta sa wa 'yarta a wuya.

"Miƙe kafaɗarki. Ubanki bai taɓa sunkuyawa da ita ba."

"Tana da nauyi, Mama."

"Haka aka yi ta. Saurara da kyau. Lauya ya ce kowa a wurin nan da waya a hannunsa, duk abin da ya fito daga bakinki sai ya kai gaban alƙali. Sunan Pettis kada ya fito. Ko tari za ki yi, kada ya yi kama da sunan."

"Mama, Kawu Lamont ne fa. Shi ya koya min hawa keke..."

"Kawun wa? Ranar da aka binne ubanki, sammacinsa ya riga furanni isowa gidan nan! Ni na karɓa da hannuna, da baƙaƙen kaya a jikina. Na san kina bin ɗansa. Ban makance ba. Yau za ki nuna min ko 'yar wa ce ke."

Da rana ta take, titi ya cika maƙil. An tare hanya da motoci, hayaƙin gashi ya turnuƙe, mata suna ta zuba dafaffen ganye da burodin masara a faranti. Tsohuwar motar Cornelius tana fake a gefen dandamali kamar kowace shekara, an wanke ta tana sheƙi. Manyan lasifikoki suna tsaye a jere, an cire musu waya, shiru kamar an yi musu mutuwa.

Zenobia ta hau. Makirufo ɗaya da ƙaramar lasifika aka bari don jawabi.

"Jama'a, sannunku da zuwa. Mahaifina, Cornelius Tillery..."

"Sarkin waƙa! Allah ya ji ƙan Babban Neal!" wani ya ƙwala daga baya.

"Mahaifina shi ne ya..."

Maganar ta maƙale. Ta sake buɗe baki, babu abin da ya fito. Mutane suka fara duban juna.

Can tsakiyar taro wata mata mai kayan aikin asibiti, da alama daga aiki ta taso, ta ɗaga farantinta sama ta rera baitin farko na waƙar da ta fito da kamfanin:

"Daga barandar Mama muka taso, ba takalmi, ba tsoro..."

Na kusa da ita suka karɓa. Na bayansu suka karɓa. Kafin Zenobia ta ja numfashi, titin gaba ɗaya ya ɗauka. Alƙali faifai ya hana, bai hana bakin mutane ba.

Tsikar jikinta ta tashi. Tsofaffin mata da hulunan coci, direbobin manyan motoci masu furfura a gemu, 'yan mata da ba a haife su ba lokacin da aka yi waƙar, kowa ya san kowace kalma, har inda mahaifinta yake jan numfashi su ma a nan suke ja. Ita da ta girma a gidan, ba ta taɓa sanin abin da gidajen biyu suke rigima a kansa ya kai haka girma ba.

Sai aka zo baiti na biyu, inda kalmomi suke gudu. Nan abu ya watse. Na gaba suka yi sauri, na baya suka makara, wasu suka koma farko. Babu kiɗan da zai riƙe su. Waƙar ta fara mutuwa a bakinsu, ana dariyar kunya.

"Kai, kun kashe ta!"

"Kai ne ka kashe ta, da muryarka kamar tsohon injin!"

A lokacin ta hango su a tsallaken titi, bayan motocin da aka tare hanya. Dontrell yana tsaye, hannu a aljihu. Kusa da shi wani tsoho ramamme a kujerar ninkewa, ba wanda ya gayyace shi, ba wanda ya kula da shi. Idonsa a rufe. Kumburarren hannunsa yana bugun gwiwarsa shi kaɗai, daidai inda ya kamata, bai kuskure ko ɗaya ba.

Ta juya ta dubi mahaifiyarta a gindin dandamali. Mama Odessa ta girgiza kai a hankali. Wayoyi kuwa duk suna sama.

Zenobia ta kama makirufo da hannu biyu.

"Kawu Lamont!" Muryarta ta fashe. "Lamont Pettis! Kai ka yi kiɗan nan, kowa ya sani, Babana ma ya sani. Don Allah ka zo ka riƙe mana ita!"

Sai mutane suka dare biyu.

Dontrell ya tallafo shi, suna tafe a hankali. Tsohon bai nufi dandamali ba. Motar ya nufa. Ya shafa murfin but ɗin kamar mai gaisawa da aboki, ya juya zobensa zuwa cikin tafi. Haka suke yi a da in za su tara masu saye: shi ya buga a jikin mota, Cornelius ya rera.

Dunƙulallen hannu ya sauka a tsakiyar ƙarfen. Dum! Zobe ya biyo a gefe. Tas! Dum, dum, tas!

Motar ta amsa kamar ganga. Kafaɗu suka fara motsi tare, kai ya fara gyaɗawa tare, sannan dubban bakuna suka faɗa baiti na biyu a lokaci guda, ba wanda ya riga wani. Tagogin gidaje suka yi ta karkarwa. Masu gashi suka bar nama yana ƙonewa. Wani ƙato ya cire hularsa yana kuka ba ya ɓoyewa. Hannun da ba ya iya riƙe cokali shi ya riƙe unguwa guda har ƙarshen waƙa.

Zenobia ba ta san lokacin da ta durƙusa ba. Muryar ubanta take ji, a raye, tana fitowa daga bakin mutanen da ba ta san sunansu ba.

Da aka gama, ta sauko. Mama Odessa tana nan inda take, fuskarta jiƙe sharkaf.

"Mama... na saɓa miki. Ki yafe min."

"Kin kashe mana shari'a, kin sani ko?"

"Na sani."

"Matsa min."

Ta wuce ta, ta taka har gaban motar. Jama'a suka ja baya. Lamont yana jingine yana haki, hannunsa ya fashe yana jini.

"Ka tsufa, Lamont."

"Ke kuma har yanzu ba ki iya gaisuwa ba, Dessa."

"Sammaci ranar jana'iza. Ranar jana'iza, Lamont!"

Ya sunkuyar da kai. "Lauya ne ya zaɓi ranar, amma ni na sa hannu. Na yi miki laifi, na yi wa Neal laifi. Ban da bakin kare kaina."

Ta zaro farin hankicinta na coci, ta kama hannun ta ɗaure masa da ƙarfi har ya yi ƙara.

"Shi ma Neal ya yi maka laifi," ta ce a hankali. "Tun da ya mutu ban ji shi ba sai yau. Gobe bayan coci ka zo gida mu yi magana. In na ga lauya a bayanka, kare zan sakar muku."

Ta juyo kan Dontrell, wanda tuni ya riƙe hannun Zenobia. Ya yi sauri zai saki, Zenobia ta ƙi.

"Kai kuma, mai gyaran sanyi. Har yaushe za ka riƙa ajiye min 'ya a kwanar titi kamar ɓarawo?"

"Mama, ni... aurenta nake so in yi."

"Ni za ka gaya wa a tsakiyar titi, da man inji a farcenka? Ka sa riga mai wuya, ka biyo ubanka gobe, ka shigo ta ƙofar gaba ka tambaya kamar ɗan mutunci."

"In na tambaya za a ba ni?"

Mama Odessa ta dubi 'yarta, wadda take kuka da dariya a haɗe, ta sa babban yatsa ta share mata hawaye.

"Ai ta riga ta ba ka a gaban duk Memphis," ta ce. "Ni dai ka zo ka tambaya."