Buhunan Fulawa a Ɗakin Jariri

Malama na zaune a falo da takardun ɗalibanta a cinya lokacin da Yaya ya shigo. Yaya wan mijinta Dogo ne. Shi ya riƙe Dogo tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kuma buɗe masa shagon da yake sayar wa masu gidajen burodi fulawa. In ya yi magana a gidan nan, ba mai musa masa.

Sati shida ke nan da Malama ta haifi ɗanta na fari ba rai. Tun ranar ba ta yi kuka ba. Tana girki, tana zuwa makaranta, tana amsa gaisuwa, amma kamar wata ce ke yi a madadinta.

"Fulawa za ta yi wuya," in ji Yaya, yana kaɗa makullin mota. "Kamfanin da ke yin ta ya tsaya da aiki. Mu kwashe ta shago mu ɓoye, sai farashi ya ninka mu fito da ita. Sitona ya cika, ɗakin can naku za mu sa."

Ɗakin can shi ne wanda Dogo ya yi wa fenti da hannunsa. Gadon jariri na ciki, ko ledarsa ba a cire ba.

Dogo ya dubi matarsa. "Yaya, ɗakin nan kuwa..."

"Da mutum a ciki ne?"

Malama ta ajiye biro. "Yaya, ba ɗakin ne damuwata ba. Mutanen nan da fulawar suke ci da iyalinsu."

"Ikonomis ɗinki a allo yake, Malama. Namu a kasuwa."

Washegari Mama, uwar mijinta, ta kira ta. Malama ta durƙusa ta gaishe ta, ba a ce ta tashi ba.

"Yarinya, an yi miki rashi, mun tausaya. Amma kada ki zama mai toshe wa ɗana hanyar arziki. Wansa ne ya mai da shi mutum."

"To, Mama."

Abin da ta ce ke nan. Da yamma aka shigo da buhunan, aka jingine gadon a bango. Farar ƙura ta bi labule da kujeru, har cikin kofin shayi. Kullum sai ta goge, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Dogo ya koma shigowa kansa a ƙasa. Mutumin da a da yake raka ta har ƙofar makaranta yana tsokanarta wai ta koya masa boko, yanzu sai "sannu" da "na fita".

A aji, darasin farko take koya wa sababbin ɗalibai. Ta rubuta a allo: buƙatun mutum ba su da iyaka, abin biyansu kuwa kaɗan ne, saboda haka dole a yi zaɓi. In kaya sun yi ƙaranci masu nema suka yi yawa, farashi sai ya hau. Bakinta na faɗa, zuciyarta ba ta wurin.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malama, wannan tofik ɗin a gidanmu yake. Babana ya rufe gidan burodinsa jiya, babu fulawa. Ma'aikata tara ya sallama."

Malama ta tsaya da alli a hannu. Ta san uban yarinyar, tsohon kwastoman Dogo ne. Ta ce, "Allah ya kawo sauƙi," ta ci gaba da rubutu.

Ranar Asabar da hantsi, Dogo ya same ta tana shirya darasi. Ya zauna a gefe kamar baƙo.

"Malama, ki yi min faɗa mana. Shirun nan ya fi zagi ciwo."

"Ba ni da ƙarfin faɗa."

"To me kike rubutawa?"

"Darasin Litinin. Cewa ainihin tsadar abu ita ce abin da ka bari domin ka same shi." Ta ba shi labarin ɗalibar, a hankali, ba ta ƙara komai ba.

Ya sunkuyar da kai. "Mutumin nan ya zo shago sau uku. Na rantse masa ba ni da ko buhu ɗaya." Ya ɗago ya dube ta. "Ni me na bari, Malama?"

"Kai ka sani."

Kafin azahar ya kira mota. Da kansa ya dinga ɗaukar buhunan yana fitarwa, ya mayar da su shago, ya kira masu burodi ya sayar musu a farashin da suka saba. Da ɗakin ya koma fili, ya miƙar da gadon, ya sa gefen rigarsa yana goge ƙurar. Malama na tsaye a bakin ƙofa. Sai a lokacin kukan ya zo mata, shi ma ya durƙusa suka yi tare.

Yaya ya zo yana huci, ya ce daga yau ba shi da ƙane. Mama ta daina amsa gaisuwarsu. Duk da haka kowane mako Malama takan je, ta durƙusa, ta share mata tsakar gida, ta dawo.

Bayan wata biyu kamfanin ya dawo aiki. Fulawa ta cika kasuwa, farashi ya faɗi. Da Yaya ya buɗe sitonsa, ƙwari sun riga shi. Masu burodi kuwa ba wanda ya ƙara taka wani shago sai na Dogo, har suna kawo masa 'yan'uwansu. Shi ya je ya taya wan nasa kwashe abin da ya lalace, bai yi masa gori ba.

Wata safiya Mama ta zo gidan da ƙafarta. Malama za ta durƙusa, ta riƙo kafaɗarta.

"Tashi, 'yata. Ni ce ya kamata in sunkuya. Kina cikin ciwo na ƙara miki."

"Ya wuce, Mama."

"Ki dinga faɗa wa yaran nan naki: ribar da za a gina a kan yunwar mutane asara ce, ko da ta cika ɗaki. Mai haƙuri kuma Allah ba ya barinsa." Ta zauna, ta tuɓe takalmi. "Kawo min ruwa, yau a nan zan yini."