Baƙin Gari a Gindin Randa

Ranar kasuwar garin Isa ne Fatihu ya fara ganinta. Irin wake ya je nema, sai ya tarar da manoma sun yi cincirindo a gindin darbejiya. A tsakiyarsu wata doguwar budurwa ce, malamar gona, tana ɗaga 'yar leda mai baƙin gari a ciki.

"Abin ga da kuke gani cike yake da masu rai," in ji ta. "Bakteriya ake ce musu, ido bai ganin su. Ku dama ƙaro da ruwa, ku shafe iri da shi, ku barbaɗa garin a inuwa. In sun shiga ƙasa sai su kama saiwar wake, su riƙa jawo mishi abinci daga iska, irin wanda kuke sayen takin zamani dominsa. Amma rana na kashe su, sai wuri mai sanyi."

Fatihu bai ji rabin bayanin ba, don Allah ya sani ba ledar yake kallo ba. Da aka watse ya tsaya yana tambaya ɗaya sau uku.

"Malam, gonar ce ba ta gane ba ko kai?" ta ce tana danne dariya.

"Mu duka biyu. Ba ni lambarki, in mun manta mu tambaya."

Sunanta Basira. Kafin damina ta faɗi, babur ɗin Fatihu ya haddace hanyar ƙauyensu Tsamaye zuwa Isa. Tun da rashin tsaro ya hana zuwa gonakin nesa, gonarsu ta bakin gari ake ta nomawa har ta gaji, wannan ya zame masa hujjar zuwa. In sabis ya ɗauke kuwa, sai ka gan shi kan tudu yana ɗaga waya sama.

"Malamata, yau ban tambayi komi ba, kewarki kawai nake."

"Manomina, Baba ya ce ka turo magabata kafin a cire amfanin gona. Mutanen Kamaluddeen mai shagon taki sun zo sau biyu. Ni kai nake so, amma Baba ba ya son doguwar tsayuwa a ƙofar gida."

Da hadari ya fara haɗuwa ta ba shi leda guda, ta ce daga ita babu saura. Ya rasa inda ya fi sanyi a gidansu, sai ya tona jiƙaƙƙen yashin gindin randar mahaifiyarsa, Inna Larai, ya binne ta.

Kai, Fatihu! Ko sanar da tsohuwar bai yi ba.

Ran da aka kwana da ruwan shuka ya dama ƙaronsa, ya zo ya tona yashi, wayam. Inna Larai na zaune a kan tabarma, fuska a ɗaure. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa.

"Kai, mi kake nema?"

"Wata leda, Inna. Basira ta ba ni."

"Na sani. Baƙin gari, daga hannun mace, a binne a gindin ruwan da muke sha!"

"Inna, na gona ne. Wasu halittu ne masu rai a ciki, ido bai ganin su, kuma ba su son rana..."

"La'ilaha illallahu! Ka ji da bakinka. Masu rai, ido bai ganin su, ba su son rana. Shi ya sa ka bar cin tuwo, kana hawa tudu kana magana da iska. Na karya shi, na zubar. Kuma in dai ina numfashi, kawunka Labbo ba shi kai goro gidan ga."

Haka ya shuka wakensa tsura. Ya kasa gaya wa Basira, don da wane baki zai ce uwarsa ta ɗauke ta mai asiri? Kullum ta tambaya sai ya ce lafiya lau. Zama ya gagare shi. Ya je gona ya dawo, ya tada babur ya kashe, ya rubuta saƙo ya goge.

Bayan sati biyar ta zo zagayen gonakin da ta raba wa garin. Ta tuge wake ɗaya a gonarsa, ta duba saiwar, ta ɗago ta dube shi.

"Ba ka sa ba."

Kafin ya buɗe baki ta ci gaba.

"Da ka ce ba ka yarda da aikina ba, da na ba wani. Mutum nawa na hana saboda kai?"

Da yamma ya rubuta mata gaskiya duka. Amsar ba ta zo ba sai washegari.

"Ƙaryar ta yi min ciwo, Fatihu. Amma zancen Inna ya fi. Ya za ni shiga gidan da ake tsoron in taɓa randa?"

Daga nan ta daina ɗaukar waya. Ruwa ma ya ɗauke, kwana goma sha bakwai babu ɗigo. Wake ya yi rawaya a ko'ina, Fatihu ya rame. Ranar kasuwar Sabon Birni ya hango Kamaluddeen yana zaɓen atamfa, ya dawo gida bai sayi abin da ya kai shi ba.

Abin da bai lura ba, Inna Larai ma ta kasa zama. Sau uku a yini take zagayawa gayaunarta ta bayan gida, ta dawo tana salati. Ranar nan dai ta kasa haƙura.

"Kai, taso ka gani."

Waken gayaunar duk ya yi yaushi, ban da layuka huɗu na can ƙarshe wajen gangare. Su kam kore shar, ganye ya rufe ƙasa.

"Nan na zuba shi," ta ce a hankali. "Ran da na yi shuka na jiƙa shi a ƙwarya, na yi addu'a, na tuttule, ruwan sama ya bi ta kai. Na rantse ba ni cin waken wurin. Yanzu maƙwabta sun ishe ni da tambayar takin da na sa. Kira min yarinyar."

Nan take ya rubuta wa Basira: "Malamata, ba ni ke kira ba, Inna ce. Don Allah ki zo."

Ta zo da hantsi, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta nemi izini, ta tuge ɗaya daga koren, ɗaya daga mai rawaya. Saiwar koren cike take da 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. Ta fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja.

"Inna, ga ɗakinsu nan. In kin ga ja, suna aiki. Ba su kawo ruwa, amma shukar da ta ƙoshi ta fi jure ƙishi."

Inna Larai ta karɓi saiwar ta daɗe tana juya ta, ta fasa wani ƙullin da kanta.

"Na zage ki ban san ki ba, ɗiyata, kuma abin da na zubar don in rabu da ke shi za ya ciyar da ni bana. Ki yafe min." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma da ka tsaya kana washe baki, tafi ka ce wa Labbo ya nemi goro, yau ba gobe ba."

Basira ta rufe fuska da mayafi. Da zai wuce ta ce ƙasa-ƙasa, "Manomina, saura hukuncin ƙaryarka."

"Na ɗauka, Malamata, ko na shekara nawa ne."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure a Isa, ƙofar gidan Malam Ibrahima mahaifin amarya. Inna Larai ta yi kaffarar rantsuwarta, ta dafa wake da shinkafa da waken layukan nan huɗu, ita ta fara kai loma.

Kwana bakwai da kawo amarya ta kama hannunta ta kai ta gindin randa. Ta riga ta gyara wani ɗan gurbi a cikin yashin, ta yayyafa masa ruwa.

"Nan wurin kayanki ne. Baɗi ki kawo biyu, ɗaya tawa ce. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a mai jin magana fiye da wanga."

"Amin, Inna," in ji Basira. Ta ɗauki moɗa ta ɗebo ruwa a randar ta miƙa mata, tsohuwar ta shanye tas.