Muryar Dogo a Wayar Kowa

Tun daga bakin ƙofar aji Auta ta ji muryar Dogo tana fita daga wayoyin 'yan ajin, kowacce da inda ta kai.

"Ina... ina s-s-son ki, Auta..."

Aji ya kece da dariya, wani har da dukan tebur.

Dogo, saurayinta ɗan makarantarsu, ɗan mai gyaran keke, yana da in'ina, shi ya sa duk soyayyarsu a rubuce take. Sau ɗaya tak ya yi ta maza ya naɗo mata murya, ya roƙe ta kada kunnen kowa ya ji.

Da Yayanta ya ƙwace mata waya, ya ce ba zai zuba ido ɗan mai faci ya ɓata mata karatu ba, sai Auta ta yi dabara irin ta masu soyayya. Ta raɗa wa aminiyarta Fara lambobin sirrin shafinta, wai ta riƙa amsa wa Dogo, kada ya zaci an share shi. Ai kuwa Fara ta amsa, ba ta rage komai ba.

Auta ta fizge wayar wata ta duba. Sunanta ne da hotonta a saman saƙon, a zauren hirar 'yan ajin na waya, an rubuta a ƙasa: "Kafin ya gama furtawa na tsufa."

Ta tarar da Fara a kujerar baya tana shafa man leɓe.

"Me na yi miki?"

"Ni? Wa ya ga hannuna, ƙawata? Sunanki ne a sama." Ta rufe madubinta. "Ni na fara ganinsa, ko kallo ban ishe shi ba."

Auta ba ta jira an tashi ba. A rumfar babansa ta sami Dogo tsugune, yana nutsa tuf a bokitin ruwa yana neman inda ya huje. Tana kuka ta zayyana masa komai, har da rantsuwar da bai nema ba.

"Masoyina, wallahi ba ni ba ce..."

"Na s-sani."

"To ka yafe mini, don Allah."

Sai a lokacin ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, kuma ya daɗe yana kokawa da maganar kafin ta fito.

"Ke na ba wa. Ke k-kaɗai. Ke kika b-buɗe mata ƙofa."

Babansa ya leƙo ya ce, "Yarinya, matsa mana, kin tare wa masu kawo aiki hanya."

Ta matsa.

Dogo bai sake taka makarantar ba. Ranar da Yaya ya mayar mata da wayar, Auta ta canza lambobin, ta goge saƙon daga shafinta. Daga wayoyin mutane kuwa babu wanda ya goge shi.