Saƙon Yaya Zuwa Tsibiri

Wata bakwai ke nan babu mijina, kuma babu kabarin da zan nuna wa 'ya'yansa. Shagonsa na kafinta yana nan a rufe, da wani gado a ciki da ya fara bai gama ba. Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Zan dai faɗi abin da idona ya gani, yadda ya faru.

Yayata ce ta kawo maganar tafiyar. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita, a bayanta na girma. Bara ta je hutu wani tsibiri a tsakiyar teku, ita da mijinta da 'yarsu tilo, wadda muke kira Tsuntsuwa saboda surutu. Tun da suka dawo yarinyar ba ta ƙara lafiya ba. Ta daina magana, ta rame, idanu suka faɗa. Yaya ta ce zazzaɓi ne mai naci. Na lura ɗakin yarinyar yana ƙarni duk sanda na je dubiya, amma na ɗauka na jinya ne.

Wata ranar Asabar ta zo gidanmu, ta zauna ta ce, "Ku ma ku je ku huta mana. Mu za mu biya muku jirgi da masauki. Mutum ya yi shekara goma sha biyu yana shaƙar garin katako, bai taɓa ganin teku ba?"

Maigida ya yi dariya. "Yaya, ni da ko a baho ban iya iyo ba?"

"Wa ya ce ka shiga? Ka tsaya a baki ka kalla."

Muka ji daɗi ƙwarai. 'Yan matanmu biyu, babbar mai shekara tara da Auta mai biyar, suka kwana suna tsalle.

Ana gobe za mu tashi Yaya ta dawo da takarda da ta yago daga littafin makaranta, ta cika ta da shawarwari gaba da baya. A sha maganin amai kafin a shiga kwale-kwale. A sayi silifas na roba, don yashi yana ƙona ƙafa da rana tsaka. A ɗaure waya a leda. Kada a bar yara su yi gaba, ko da ruwan iya idon sawu ne. A tafi da malafa da man shafawa, da maganin sauro, da kayan canji fiye da yadda ake zato. Har allura da zare sai da ta rubuta. Na karanta na ce a raina, wanda ba shi da yaya ya yi asara.

Sai ta ciro wani ƙulli daga jakarta, an naɗe shi da ɗankwali, an saka a leda uku.

"Katantanwar teku ce Tsuntsuwa ta tsinto a can. Tana ta mafarkinta. Don Allah ku mayar mini da ita inda aka ɗauko, ko hankalin yarinyar ya kwanta."

Ta nuna mini layin ƙarshe na takardar. Bayan manyan duwatsu, hannun hagu da masauki, da faɗuwar rana. A ƙasa ta rubuta: kada ki kai da hannunki, ki ba baban yara. Ta ja wa wannan layi biyu, har biro ya huda takardar.

"Me ya sa ban da ni, Yaya?"

"Duwatsun suna da santsi, ke kuma ga ciwon gwiwa."

Ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

Kwana ukun farko a tsibirin, wallahi ban taɓa jin daɗi irinsa ba. Ruwa shuɗi har iya ganinka, yashi fari tas, itatuwan kwakwa sun sunkuya kan hanya. Maigida ya naɗe wando zuwa gwiwa, igiyar ruwa na tahowa ya kwasa da gudu, yara suna masa dariya. Ko a masaukin ma bai bar hali ba, sai da ya leƙa ƙarƙashin gado ya ce wanda ya haɗa shi bai iya buga ƙusa ba. Duk shawarar Yaya ta yi mana amfani, ɗaya bayan ɗaya. Ƙullin kuwa yana ƙasan akwati. Kullum na taɓa shi sai in ji shi a jiƙe, da sanyi, ko da ledojin ba su huje ba.

Rana ta huɗu, ranar Laraba da yamma, Maigida ya ce, "Uwar 'yan mata, gobe fa za mu koma. Mu sauke amanar mutane."

Na so yara su zauna a ɗaki, amma babu wanda zan bar wa su. Muka saka ƙullin a jaka, muka fita mu huɗu. Auta ta nace ita za ta riƙe jakar, muka ba ta.

Rana ta yi ja, ta kusa taɓa ruwa. Masu wanka duk sun watse. Kusa da duwatsun muka tarar da wani tsohon masunci yana gyaran raga. Ya amsa sallamarmu, ya dubi jakar da ke hannun Auta, ruwa yana ɗiga daga gindinta. Hannunsa ya tsaya.

"Wa ya aiko ku?"

"Yayata," na ce.

"Uwa ɗaya?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya tattara ragarsa ya saɓa a kafaɗa. "Ku koma. Abin da aka ɗauka a can ba a mayar da shi a dawo lafiya."

Na kama rigar Maigida. "Mu juya."

"Haba, kin san tsofaffin bakin ruwa da labari. Yarinya tana can kwance, an ba mu saƙo, sai mu koma mu ce mun ji tsoro? Ku tsaya daga baya, minti biyu ne."

Muka zaga duwatsun.

Wurin ɗan lungu ne, duwatsu sun kewaye shi ta gefe uku. Babu sawun mutum ko ɗaya a yashin. Babu tsuntsu. Ƙarni ya bugi hancina, na san shi nan take. Ƙarnin ɗakin Tsuntsuwa ne.

Sai teku ta yi shiru.

Kwana huɗu muna jin rurinta dare da rana, har kunne ya saba. Lokaci guda ta ɗauke. Ruwan ya kwanta kamar a faranti. Ina jin numfashin babbar 'yata a gefena, ina jin bugun zuciyata.

Babbar ta ja zanena, ta yi raɗa. "Umma, su waye waɗancan?"

Na duba.

Mutane ne a tsaye cikin ruwa, ya kai musu ƙugu. Sun jeru sahu ɗaya, sun ba mu baya. Sun kai ashirin. Wani da malafa, wata da jakar goyo, wani dattijo da tawul a wuya. Kayan masu zuwa hutu irin namu, sun koɗe, gansakuka ta kama su. Ba sa motsi. Kowannensu ya saki hannun dama, tafin a buɗe, ba komai a ciki.

"Innalillahi," in ji Maigida, a hankali. "Ba ni jakar. Mu tafi."

Na juya wurin Auta.

Jakar tana ƙasa. Ledoji a yage, ɗankwali a warware. Auta ba ta wurin.

Tana can gaba, ruwa ya kai mata gwiwa. Ta kara katantanwar a kunne, fara ce mai jan ciki, tana murmushi.

"Umma, Tsuntsuwa ce! Ta ce in kawo mata."

Ni ma na ji muryar. Daga cikin ruwan take fitowa, siririya, muryar da na yi wata goma ban ji ba. "Kawo, Auta. Miƙo. Miƙo mana."

Auta ta cire ta daga kunne. Ta fara miƙa hannu.

A gabanta ruwan ya kumbura. Wani abu yana tasowa daga ƙasa, baƙi, dogo, mai yatsu. Yatsun sun fi biyar.



Maigida ne ya ruga. Mutumin da ke gudun igiyar ruwa iya idon sawu, shi ya faɗa ciki da takalmansa. Ya fizge katantanwar daga hannun Auta, ya ɗaga yarinyar da hannu ɗaya ya wullo ta baya. Ta faɗi a yashi tana kuka. Na sure ta.

Ya ɗaga hannu zai jefar da abin.

Ya ƙi barin tafinsa.

Ya yarfe. Ya sake yarfewa. Ya sa hannun hagu ya ɓamɓara. Ina ganin jijiyar wuyansa ta tashi.

"Fito!" na yi ihu. "Maigida, fito!"

"Ƙafata ta ƙi."

Ruwan ya kai masa cinya, alhali bai matsa ba.

Ya juyo ya dube ni. Babu ihu, babu kuka. Da muryar da yake ce mini in rufe ƙofa in zai fita, da ita ya yi magana.

"Tafi da su. Kar ki tsaya."

"Ba zan..."

"Uwar 'yan mata. Tafi."

Yatsun suka rufe hannunsa.

Na saɓa Auta, na damƙi babbar, na ruga. Ruwa ya biyo mu. Ina jin sanyinsa a dugadugaina, yana ja, kamar ana kama ni da hannu. Silifas ɗina ya tafi. Gwiwata ta ƙage, na faɗi kan dutse, na tashi. Ina karanta duk abin da ya zo bakina, ban san farko ba ban san ƙarshe ba.

Da na hau saman dutsen na waiwaya, sau ɗaya.

Yana ƙarshen sahun. Ya ba ni baya. Hannunsa na dama a sake, tafin a buɗe, ba komai a ciki.

Sai teku ta dawo da rurinta, igiya ɗaya ta rufe su duka.

Kwana uku ana nemansa da kwale-kwale. Jami'an wurin suka rubuta cewa ruwa ne ya ci shi. Tsohon masuncin ya zo har masauki, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya ce duk wanda ya ɗauki wani abu a lungun nan, masu wurin suna binsa har gida. Ba sa sakinsa sai an mayar, kuma hannun da ya miƙa shi suke riƙewa. Ya ce duk baƙon da ya dawo yana tambaya, ana gaya masa gaskiya, ba a ɓoyewa.

"Akwai wata da ta bugo wa mai masaukin nan waya watannin baya," in ji shi. "Tana kuka, ta ce 'yarta ce. An gaya mata komai."



Ranar da muka dawo gida, mata sun cika tsakar gida ana gaisuwa. Sai ga Yaya ta shigo, ga Tsuntsuwa a bayanta tana tafiya da ƙafarta. Kumatu sun fara dawowa. Ta rugo ta rungume ni tana zuba surutu, wai ta ci abinci faranti biyu. Mata suna ta cewa ikon Allah.

Na ja Yaya zuwa ɗaki na rufe ƙofa.

"Yaushe ta tashi?"

Ta kau da kai.

"Yaya, yaushe?"

"Ranar Laraba. Da magariba."

"Kin sani."

Ta zauna a bakin gadon da shi ya haɗa da hannunsa. Ta fashe da kuka. "Ita kaɗai gare ni. Tana mutuwa ina kallo. Ke kina da biyu, kina da ƙuruciya..."

"Kin sani, Yaya."

"Ai na ce kar ki kai da hannunki! Ban ja miki layi ba? Har biyu na ja. Ke jinina ce, ba zan iya ba da ke ba."

"Shi fa?"

Ta share hanci da gefen mayafi. "Shi ai bare ne."

Shekara goma sha biyu yana durƙusawa ya gaishe ta. Duk ƙofar da ke gidanta shi ya sa, bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Na ce, "Auta ce ta fara riƙe ta. Ta shiga ruwa har gwiwa, ta miƙa hannu. Da bai ruga ba, da yanzu ita ce a can."

Ta ɗago a firgice. Na buɗe mata ƙofa, ta fita. Daga ranar ban sake ganinta ba. Dangi sun yi ta zarya a kan in yi haƙuri, wai zumunci. Ban gaya musu dalili ba, don Tsuntsuwa ba ta san komai ba, kuma ba na so ta girma da wannan a kanta.

Babbar 'yata ba ta yarda a cika baho a gabanta. Auta tana ci tana wasa, tana zuwa makaranta. Sai dai tafin hannunta na dama ba ya bushewa. In na share shi da tawul, kafin in ajiye tawul ɗin ya sake jiƙewa, da sanyi ƙalau. Na taɓa ɗanɗanawa. Gishiri ne. Wani lokaci da magariba sai ta tsaya da wasa, ta karkata kai kamar mai sauraro, ta ce, "Umma, Abba ya ce yana tsaye har yanzu."

Ni ba abin da nake da shi sai roƙon Allah. Duk wanda ya karanta wannan, don girman Allah ya ɗaga hannu tare da ni. Ya Allah, Ka kwance bawanKa daga inda yake tsaye, Ka ba shi makwanci, Ka jiƙansa da rahamarKa. Ka busar da hannun Auta, Ka toshe kunnenta daga kiran da ba na alheri ba. Ka ba ni ƙarfin riƙe marayun nan. Ku ce amin.