Baƙin Garuba a Shekarar Kora

Tun da wasiƙar ta iso Hamamatu ba ta zauna ba. Ta goge ɗaki, ta sake gogewa, ta rataya sabon labulen da ta ɗinka da hannunta. Surukarta ce za ta zo Kumasi, nan ƙasar Gana!

Shekara uku ke nan da Garuba ya baro Dogonduci ta ƙasar Nijar, ya zo jami'a yana karatun haɗa magunguna. Ya kama ciki da falo a unguwar Aboabo, a gidan Malam Abukari, wani dattijo Badagombe. Nan ya ga Hamamatu, 'yar maigidan, kullum tana kan keken ɗinki a baranda. Soyayya ta ƙullu, bara aka ɗaura aure. Ya rubuta gida ya sanar, shiru. Sai yanzu ga wasiƙa layi uku: mahaifiyarsa Inna Habsa da ƙanenta Kawu Kassim suna tafe.

"Malam, gabana faɗuwa yake yi," Hamamatu ta ce wa mijinta Garuba.

"Haba, Hama! Inna tana ganin ki shi ke nan," ya ce yana dariya, amma dariyar iya leɓe ta tsaya.

A farkon Nuwamba na 1969 baƙin suka sauka daga motar fatake. Hamamatu ta durƙusa har ƙasa ta gaida su, sannan ta dubi mijinta ta ce, "Inna ya gaji, bari in kai masa ruwan wanka."

Kawu Kassim ya kece da dariya. "Ya gaji! Yaya Habsa, yau kin zama namiji!"

Hausar Zangon Kumasi ce, ba ta cika raba mace da namiji ba, amma Inna ba ta yi mata uzuri ba. Ta harari ɗanta, wanda ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne. "Kai yaron nan, karatu aka turo ka ko kwashe-kwashe?"

Hamamatu ta haɗiye hawaye ta ɗauki bokiti.

Aka bar wa Inna uwar ɗaki, Kawu ya baje a falo, Garuba ya kwashe littattafansa zuwa baranda, Hamamatu ta koma ɗakin mahaifiyarta. Kullum gidan cike yake da mutanen Dogonduci masu zuwa gaisuwa daga Dichemso da sauran unguwanni, ita ce dafa shayi, ita ce ɗora tukunya. Garuba ya rasa lakca ya fi a ƙirga wajen kai baƙi kasuwa da gidajen abokai. In ta kai wake da shinkafa, Inna ta ture kwanon. Ta je wurin maƙwabciyarsu Safiatu, wata 'yar Nijar, ta koyo tuwon gero. Inna ta ɗanɗana ta ce miyar ba ta ji daddawa ba.

Ana cikin haka gari ya fara canja fuska. Mutane suna ƙus-ƙus a ƙofar masallaci, in an matso su yi shiru. Wata la'asar Garuba ya shigo a guje, ko sallama babu.

"Inna! Kawu! An faɗa a rediyo — duk baƙon da ba shi da takardar zama, sati biyu aka ba shi ya bar ƙasar nan!"

"Innalillahi!" in ji Kawu. "Wace irin takarda kuma? Iyayenmu da ƙafa suka yi fataucin goro a nan, ba wanda ya tambaye su komai!"

"Ni ina da famit, takardar zama ta ɗalibi. Ku ne ba ku da shi."

Cikin kwana uku Aboabo ta zama kamar gidan makoki. Ga gadaje da tukwane an fito da su bakin titi ana neman mai saye. Ga tsofaffin da aka haifa a Zango suna kuka, ba su san ƙauyen da za su nufa ba. In mota ta tsaya a ƙofar gida, sai kowa ya ɗauke numfashi har ta wuce.

Kawu ya zaunar da Garuba a falo, Hamamatu tana jin su daga bakin murhu.

"Ka ga dai ƙasarsu ta kore mu. Ka ba yarinyar nan takardar saki, ka tattara mu tafi."

"Kawu, wata bakwai ya rage in yi jarrabawar fainal! Kuma me Hamamatu ta yi?"

"In ni na haife ka, ka biyo ni," in ji Inna. "Ga ƙafata a kumbure, wa zai riƙe ni a hanya?"

Garuba ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan rigarsa.

Kashegari da hantsi aka nemi Kawu aka rasa. Sai ga Safiatu ta shigo tana tafa hannu: ya sami wurin mutum ɗaya a saman wata lori, ya ce a gaya wa yayarsa ya yi gaba ya gyara mata gida. Inna ta zauna daɓas.

Hamamatu ta shiga wurin mahaifinta, ta daɗe, sannan ta fito ta sami mijinta a baranda yana ɗaure littattafansa da igiya.

"Kwance su, Malam. Ni zan kai Inna gida."

"Ke? Kin san hanyar nan kuwa? An ce mutane mutuwa suke yi!"

"Ina jin Tuwi, yaren mutanen nan, ina jin Dagombanci, kai ba ka ji. In ka tafi, shekara uku sun tashi a banza. Baba ya amince, ya ce suruka uwa ce." Ta dube shi. "Ka dai yi mini alkawari za ka zo."

Ya kama hannunta. "Wallahi, Hama, in ina numfashi zan zo."

Inna ba ta musa ba. Haka aka cusa ta da Hamamatu cikin lori, Garuba yana bin ta da gudu har ta sha kwana.

A Yeji, inda jirgin fito yake ƙetarar da motoci, layi ya yi tsawon da ido ba ya ganin ƙarshensa. Kwana huɗu suka yi a bakin ruwa. Hamamatu ta ga an rufe yara biyu a gindin wata bishiya, a rana ta uku kuma zazzaɓi ya kayar da Inna. Ta ba wata mai talla mayafinta aka dama mata koko, ta riƙa ba tsohuwar cokali-cokali. Da layi ya iso kansu aka ce kowa ya sauka ya taka, sai ta goya Inna a bayanta, tana roƙon ma'aikata da Tuwi su buɗe mata hanya.

A tsakiyar ruwa Inna ta buɗe ido ta ce, "Yarinya, ko murmushi ban taɓa yi miki ba. Me ya sa?"

"Ke kika haifa mini Malam, Inna."

Tsohuwar ta juya fuska, kafaɗarta tana girgiza.

Kwana goma sha ɗaya suka yi kafin su ga duwatsun Dogonduci. Nan Hamamatu ta zauna, ita ce daka, ita ce rijiya, ita ce gasa ƙafar Inna. Wasiƙa ɗaya tak ta iso daga Garuba, daga nan ɗif. Wasu suka ce an kama ɗalibai ma, wasu suka ce ɗan boko ya manta da ita. In maganar ta kai kunnen Inna sai ta fito da sanda ta kori mai yin ta, amma ita ma kullum idonta yana kan hanya.

Sai da damina ta yi nisa, a watan Yuli na 1970, wata ranar kasuwa, aka yi sallama a zaure. Hamamatu ta saki taɓarya. Garuba ne, ya rame, akwati a kansa, takardar shaidar karatunsa a hannu!

"Na zo, Hama," ya ce. Ta fashe da kuka.

Inna ta dogara sanda ta fito, ta kama hannun surukarta a gaban jama'ar da ta cika tsakar gida.

"Ku zama shaida, na zalunci yarinyar nan a ɗakinta, ita kuwa ta rama mini da alheri. 'Yata, ki yafe ni." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, ranar da ka sa ta kuka, ni ka taɓa."

Bayan sallah aka ba Garuba aiki a asibiti, ya tare da matarsa, Inna kuma ta ce ƙafarta ƙafar Hamamatu.

To, 'yan uwa, ka da ku yanke wa mutum hukunci da garinsu ko harshensa, sai wuya ta zo ake sanin na gida. Wanda kuma ya yi haƙuri ya sāka mugunta da alheri, Allah ba ya barin sa ya ji kunya.