Kwalin da Ya Wuce Kabo

Ranar Talata da hantsi aka kawo ƙarar caji ofis na Gwarzo. Shugaban tasha ne ya shigo da kansa, wani direba yana biye da shi.

"Yallaɓai, saƙo ne ya ɓace a motar wannan," in ji shugaban. "Kwali ɗaya, na Hajiya Hanatu ta Kabo. Ɗanta Zayyad ya aiko daga Dubai, aka sa a mota a Kabuga ranar Asabar. Yau kwana uku, bai isa ba."

Insifekta Halilu ya dubi direban. Dattijo ne dogo, busasshe, sunansa Mijinyawa. Shekara talatin da ɗaya yana bin hanyar Kano zuwa Gwarzo, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da ya rage masa a duniya ɗaki ɗaya ne a bayan tasha, sai tsohuwar motarsa.

"Dokarmu ɗaya ce," in ji shugaban. "Wanda ya ci saƙo ba ya ƙara lodi a tasharmu. Mun ba shi zuwa Juma'a."

Halilu ya sallami shugaban, ya nuna wa dattijon benci.

"Baba, yaya kuke yi da saƙo?"

"Ana rubuta suna da lambar waya a jikin kwali. In ka iso garin ka kira, mai shi ya fito ya karɓa."

"Ka kira?"

"Na kira."

"Da kanka?"

"Da kaina."

"Wa ya fito?"

"Wani mutum a babur."

"Fari ko baƙi? Yaro ko babba?"

"Mutum dai, Yallaɓai."

Halilu ya karɓi wayarsa, ya duba kiran ranar Asabar. Guda ɗaya ne a daidai azahar. Ya kwafe lambar a takarda, ya buga. A kashe take.

Bayan azahar ya hau babur ɗinsa ya nufi Kabo.

Gidan Hajiya Hanatu babba ne, ɗaki shida, biyar a kulle. Ya same ta a tsakar gida ita kaɗai tana tsince wake. Suka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali. Ya ce suna lafiya. Iyalinsa suna Haɗeja, rabonsa da su tun ƙaramar salla, amma wannan ba zancen da ya kawo shi ba ne.

"Hajiya, an kira ki ranar Asabar?"

"Wa zai kira ni, ɗan nan? Tun safe wayar tana kan cinyata. Ko salla na tayar sai in ajiye ta gefen darduma. Ba ta yi ƙara ba."

Ya karanta mata lambar da ke takarda. Ta girgiza kai. Ba tata ba ce, ba ta kuma san mai ita ba.

"Me ke cikin kwalin?"

"Ya ce sai na buɗe. Shekara shida ke nan ban sa shi a ido ba, sai murya." Ta miƙo wayar. "Ga hoton da ya turo don in gane shi."

Halilu ya duba. Kwali ne mai kauri, a jikinsa an zana wata na'ura da maɓallai, da rubutun Turanci manya-manya.

"Wannan fa?"

"A shagon da ake sayar da irin abin wasan yaran nan yake aiki. Ya ce, Inna kada hoton ya dame ki, kwalin shago ne na samu." Ta koma kan wakenta. "Ni ba abin da ke cikin kwalin ne ya dame ni ba. Hannunsa ne ya ɗaure shi."

Da la'asar Halilu ya dawo tashar Gwarzo. Mijinyawa yana zaune a inuwar motarsa, ba kowa kusa da shi. Tun da maganar ta fita abokan aikinsa suka janye bencinsu.

Halilu ya rubuta lamba biyu a takarda, ta Hajiya da wadda ya kwafa, ya miƙa masa.

"Baba, wacce ka buga a ciki?"

Dattijon ya kai takardar kusa da fuska. Ya nisanta ta. Ya juya ta wajen rana. Sannan ya ɗora yatsa a ƙasa, inda ba rubutu.

"Wannan."

Halilu ya naɗe takardar. Ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya jira. Aka yi lodin mota guda ta tashi kafin Mijinyawa ya yi magana.

"Damina biyu ke nan. Yanar ido ce ta rufe min gani. Hanya na san ta kamar tafin hannuna, kowane rami na san sunansa. Rubutu ne ya guje min."

"To wa ke kira maka?"

"Wanda ya zauna gidan gaba. In ba shi waya in ce, kira min lambar nan, hannuna da maiƙo. Ba wanda ya taɓa ganewa."

"Ranar Asabar fa?"

"Shi ma na ba shi. Ya buga, ya gaisa, ya ce to Hajiya, to Hajiya. Ya ce wai ta zo biki Gwarzo, in ba shi ya kai mata, ya san gidan. Muka wuce Kabo. A nan tasha na buɗe but ya ɗauka."

"Shi ne ka ƙirƙiro min mai babur."

"In na faɗi gaskiya, an san idona. In aka san idona, an karɓe makulli." Ya dafa jikin motar. "Gara a ce ɓarawo ne ni, in yi ta musu, da a ce makaho, wanda ba musu."

"Ka san fasinjan?"

"Fuska ban gani ba. Amma murya ko a kabari zan gane ta. Tun daga Kabuga har Rimin Gado bai rufe baki ba. Wai wata na'urar wasa za ta fito, ka riƙe ta a hannu kamar faranti, in ka gaji ka ɗora ta a talabijin. Wai cikinta ya fi rumbu. Na ce masa, ɗan nan, ana cin ta ne?"

Halilu bai sha wahalar tambaya ba. Mutum uku ya tambaya a bakin kasuwa washegari, duka suka yi dariya suka nuna masa lungu ɗaya. Mahbub mai gidan gem, inda yara ke biya su yi wasa a talabijin. Suka ce in ka gaishe shi ma zancen na'urar nan zai amsa maka da shi.

Ya bar kofur ɗin da ya zo da shi a bakin lungun, ya shiga shi kaɗai.

Shagon dogo ne, talabijin huɗu a jere, benci huɗu, ba mutum ko ɗaya. Janareta yana gefe an rufe shi da buhu. Mahbub, mai kimanin shekara talatin da biyar, yana goge maɓallan wasa da tsumma. Da ya ga kaki sai ya miƙe.

"Yallaɓai, sannu da zuwa. Lafiya?"

"Lafiya. Wucewa nake, na ce bari in ga abin da ke cinye wa yara lokaci. Ina suke?"

"Suna cikin wayoyinsu." Mahbub ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Da, nan sai ka yi layi. Har faɗa ake a kan benci. Yanzu in wuni ban kunna janareta ba. Amma bari sabuwar ta fito, Yallaɓai."

"Wace ce sabuwar?"

Kamar an buɗe famfo. Ya jawo wa Halilu kujera, ya tsaya a gabansa yana kwatance da hannu.

"Biyu ce a ɗaya. Ga ta a hannu, ga ta a talabijin. In an ɗauke wuta, ka zare ta ka ci gaba, wasa bai tsaya ba. Ka ga ita ce ta ƙasar nan! Wasu na cewa batirinta awa shida, wasu na cewa tara. Ni na ce tara. Memori kuwa, wato girman cikinta, ana rigima: masu cewa giga ɗari biyu da hamsin, masu cewa ɗari biyar. In ɗari biyar ce, wasa sittin za ta haɗiye ba ta yi gyatsa ba. Wani ya ce ai ƙarfinta ba zai kai na manyan ba, za ta yi zafi a hannu. Na ce, kai ka riƙe ta? Ranar kasuwa in ɗauke ta in tafi Sabon Birni, in zauna gindin bishiya, yara su zo. Ba haya, ba mai."

"Ka taɓa ganin ta?"

"Ba ta fito ba tukuna."

"To duk wannan daga ina?"

"Ana faɗa, Yallaɓai. Masu sani suna faɗa. Kuma 'yan shagunan Dubai suna samu kafin kowa, wannan tabbas ne."

"Ka san wani a can?"

Tsumman ya tsaya a hannunsa. "A'a."

"Zayyad na Kabo fa?"

"Oh, Zayyad. Mun yi sakandare tare. Ya manta da mu."

"Ranar Asabar kana ina?"

"Lakwaya. Suna aka yi."

"Sunan wa? Me aka raɗa wa yaron?"

Mahbub ya koma goge maɓallan.

"Ba ni lambar wayarka."

Ya karanto wata lamba. Halilu ya duba takardarsa. Ba ita ba ce.

"Ita kaɗai gare ka?"

"Ita kaɗai."

"Zo mu fita."

Suka tsaya a ƙofar shagon. A sama akwai allo, fentinsa ya koɗe, an zana ɗan ƙwallo da ƙafa ɗaya a sama. A ƙarƙashinsa lambar waya da jan fenti. Halilu ya ɗaga takardar, ya karanta ta a hankali, lamba bayan lamba, yana nuna allon da biro. Duka goma sha ɗaya suka zauna daidai.

"Tsoho ya miƙa maka waya," in ji shi. "Dole ka buga wani abu don ya ji ƙarar maɓalli. Ka rasa ta bugawa sai wadda yatsanka ya haddace. Ka cire layin ka ɓoye, ka manta cewa ka rubuta shi a kan titi."

Mahbub ya jingina da bango.

"A Kabuga na ga ana sa shi a but," ya ce. "Ga hoton na'ura, ga sunan Zayyad, ga Dubai. Na ce ita ce. Wallahi Yallaɓai, kwana ɗaya na so in riƙe ta. In kunna, yara su leƙo, su ga ba ƙarya nake ba."

"Ina kwalin?"

Ya shiga ya jawo shi daga ƙarƙashin benci na ƙarshe. An yanke salatif ɗin. Halilu ya buɗe. Mayafi ne guda biyu, da kwalbar turare, da abin awon hawan jini. A ƙasa, cikin leda, hotunan yara uku an sa su a firam, an rubuta sunan kowanne a baya.

"Jikokinta ne," in ji Halilu. "Ba ta taɓa ganin su ba. Kwana huɗu suna ƙarƙashin bencinka. Da ka ga ba ita ba ce, me ya hana ka mayar?"

"Kunya."

"Kunyar ba ta hana ka barin dattijo ya ɗauki sunan ɓarawo ba."

Ya ɗaga hannu, kofur ya taho. Da aka sa masa ankwa Mahbub ya waiga ya dubi shagon.

"A rufe min ƙofa, Yallaɓai."

Halilu ya ja ƙofar ya datse kwaɗon. Ba wanda ya fito daga lungun ya tambayi abin da ya faru.

Ranar Alhamis da safe, bayan an gama rubuce-rubuce, ya kai kwalin tasha. Shugaban ya tara direbobi ya ce Mijinyawa ya wanku. Aka dawo da benci, aka yi ta ba shi hannu. Halilu ya jira aka watse, ya ja shi gefe.

"Baba, sunanka na dawo maka da shi. Amma mutum tara kake ɗauka a kowane sawu. Ko ka faɗa da bakinka, ko ni in faɗa. Akwai asibitin ido a Kano, ana cire yana. In an cire, ka dawo."

"In ba ta ciru ba fa?"

Halilu bai yi masa ƙarya ba. Ya dubi wajen teburin shugaban.

Mijinyawa ya dubi motarsa. Sannan ya taka har gaban shugaban, ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya faɗi magana gajeriya. Shugaban ya cire hula ya riƙe a hannu.

Dattijon ya dawo ya ɗauki kwalin.

"Wannan ni aka ba," ya ce. "Ni zan kai."

Motar da ke kan layi ta kusa cika. Ya nufe ta da kwalin a ƙirji, ƙafarsa ta kai shi ƙofar direba, har ya kama marfin. Ya tsaya. Ya saki, ya zagaya ta baya, ya shiga ya zauna a tsakanin fasinjoji.

"Kabo," ya ce wa direban. "In mun iso, ka gaya min."