Ɗakin da Ba a Busar Ba

Yammacin ranar da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Rana ta sunkuya bayan gidaje, iska ta tsaya cak, da nauyi kamar rigar da aka cire daga shanya ba ta gama bushewa ba. Auta tana tsakar gida tana wanke kwanuka tana tari. Baba yana bakin ƙofa da rediyonsa a kan gwiwa, bai kunna ba. Tun da ruwa ya tafi da Umma bai ƙara kunna shi ba, riƙewa kawai yake yi.

Yayan Auta, Mai-fanka ake ce masa a unguwa, saboda sana'arsa. In ambaliya ta shiga gida ta fita, shi ake kira. Ya kwashe laka, ya kankare yaɓen bango har taƙi ɗaya sama da inda ruwa ya tsaya, ya toshe tagogi da leda, ya jera fankoki, sannan ya kunna injin da ke zuƙe danshi daga iska yana tara shi ruwa a cikin tanki. A ƙasa irin tasu buɗe taga ba ya busar da ɗaki, don iskar waje ma jiƙaƙƙiya ce. In aka yi sake kwana biyu, fumfuna ta fito baƙa ƙirin, ta bi numfashi ta shiga ƙirjin yara. Yana da wata 'yar na'ura mai allura biyu da yake sokawa a bango. In ta nuna ja, da saura. In ta nuna kore, an gama.

Wata biyu ya yi yana bin layinsu gida-gida, har kowane bango ya nuna kore. Ɗaki ɗaya ya rage a layin duka, ɗakin Umma, a cikin gidansu.

Tela maƙwabcinsu yakan ce, “Wanzami ba ya son jarfa. Ka busar da gari, ka bar gidanku yana ɗiga.”

Sai ya yi murmushi ya wuce. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Ran da ruwan ya zo, da rana tsaka, shi yana wajen aiki, Umma ta ɗaga Auta ta taga maƙwabta suka ja ta kan rufi. Ita ba ta samu fita ba. Da ruwa ya janye, sai ya tarar da shatin hannunta a bango, yatsu biyar na laka, ɗan sama kaɗan da layin ruwa. Daidai cikin taƙin nan da ake kankarewa. Shi ne ya ja ƙofar ya rufe. Kullum in ya dawo aiki sai ya shiga ya zauna a ƙasa yana kallon hannun, har duhu ya ɓoye masa shi.

Amma fumfuna ba ta san makoki ba. Ta cinye bangon, ta ratsa ta ɓullo a ɗakin Auta. Tarin yarinyar ya koma kamar ana yaga ƙyalle. A safiyar ranar Baba ya buɗe baki, ba tare da ya dube shi ba, ya ce, “Na binne ɗaya. Ka busar da ɗakin nan.”

Mai-fanka ya toshe taga, ya kunna inji. Hannun dai bai taɓa shi ba. Da magariba ta kawo jiki ya zare tankin, ya cika taf, ya kai bakin kwata ya tuttular kamar yadda yake yi a kowane gida.

Bai miƙe ba sai ga ƙarar dutse a kan kwanon rufi. Dutsen ya gangaro a hankali ya faɗo kusa da ƙafar Auta.

Baba ya ce, “Yaran nan ba su da aiki.”

Mai-fanka ya ɗauki dutsen. Sumul yake, irin na ƙasan kogi, mai sanyi, kuma a jiƙe. Ya leƙa waje, layin babu kowa. Na biyu ya faɗo, na uku, duk a kan ɗakin Umma. Daga nan shiru, sai gurnanin injin.

Washegari haka, jibi ma haka. Da zarar ya zubar da tanki, sai duwatsu. Ga wani sauti da ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofar, kamar mutum yana jan numfashi da ƙyar ta cikin tsumma. Babu wanda ya ce ya ji, amma kowa ya daina wucewa ta wajen.

A rana ta huɗu Auta ta shiga shan ruwa. Ta sha kofi, ta sha moɗa, ta kafa kai a bokiti. Leɓenta duk da haka ya tsattsage. Da almuru aka neme ta aka rasa, sai ga ta a ɗakin Umma, ta manna kuncinta a jikin baƙin bangon, gashinta yana ɗiga alhali ba ta yi wanka ba. Yayanta ya kama kafaɗarta. Ta juyo da idanun da ba su san shi ba, ta yi magana da muryar wata tsohuwa.

“Kashe.”

Ya kashe injin. Ta sulale ƙasa.

Daga nan gidan ya shiga tsaka mai wuya. In ya kunna, yarinyar ta yi ta birgima, fatarta ta bushe kamar takarda. In ya kashe, ta lafa, amma tarin ya dawo har da jini a gefen baki. Ya kai ta asibiti, suka ba da magani, suka gaya masa abin da ya fi su sani, cewa a raba ta da danshi. Ya kai ta gidan gwaggonsu, ta ɓalle ƙofa ta dawo da ƙafa, ba takalmi.

Baba ne ya je ya kira Malam, wani tsoho da ke can ƙarshen gari, wanda Mai-fanka ya taɓa busar masa da littattafai shafi-shafi bayan ambaliya. Ya iso bayan la'asar sakaliya, ba jaka, ba tarkace, sai carbi. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya shaƙi iskar, ya dubi saurayin.

“Kai da ka hana ni kwana kusa da littattafaina sai sun bushe, kai ne da wannan?”

Mai-fanka ya sunkuyar da kai.

Aka zaunar da Auta a kan tabarma. Malam ya zauna gabanta ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Haske yana raguwa a jikin ledar taga. An daɗe. Can sai ruwa ya fara tsattsafowa daga bangon, yana gangarowa layi-layi, yarinyar ta ɗago kai.

“Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni.”

“Wace ce ke?”

“Ba ni da sunan da bakinka zai iya ɗauka. A kogi nake.”

“Me ya kawo ki gidan mutane?”

“Ba zuwa na yi ba, kawo ni aka yi. Ruwa ya ɗauko ni, ya koma ya bar ni. Na laɓe a ƙarƙashin daɓen gidan tela, wannan mai iskar ya zo ya kore ni. Na koma na gaba, ya biyo ni. Gida goma sha ɗaya yana bi na. Nan kaɗai na sami sanyi.” Ta juya idon Auta kan yayanta. “Kullum yana zuwa ya zauna. Ba ya magana, ni ma ba na yi. Shi ba shi da kowa, ni ba ni da kowa. Ashe ba lafiya muke zaune ba?”

Saurayin ya dubi wurin da ya saba zama. Duk yammacin nan da yake zaton shi kaɗai ne.

“Sai kawai ya shiga tsotse ni yana zuba ni a kwata, cikin ƙazantarku. Na yi jifa, ba a ji ba. Shi ne na shiga yarinyar. Ɗan Adam ai tulu ne, ba ya rabuwa da ruwa.”

Malam ya ce, “An yi miki ba daidai ba, ba da sani ba. Amma baƙo raɓa ne, baiwar Allah. Hantsi ya yi. Ki fita.”

“A bar mini ɗakin, in bar muku ita.”

“Ɗakin ne ke kashe ta.”

“To bangon kaɗai. Inda hannun yake.”

“Ko faɗin farce.”

Ta juya wajen saurayin. Da ta sake magana, ba da Malam take ba. Muryar ta yi laushi, har ta fi ban tsoro.

“Ina nan lokacin da uwarka ta dafa bangon nan. Ruwa ya kai mata wuya. Ta yi magana kafin ta saki, kuma kai ta kira. Ni kaɗai na ji. Ka bar mini wurin a jiƙe, in gaya maka abin da ta ce.”

Baba ya dafe ƙofa. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗana, ko ƙarya ce ko gaskiya, ban sani ba. Amma ka dubi abin da za ka bayar.”

Mai-fanka ya tsaya yana kallon yatsu biyar ɗin. Wata biyu ke nan abin da ke hana shi barci guda ne, ko Umma ta neme shi, ko ta ji haushin bai zo ba. Ga amsar a gabansa, a bakin ƙanwarsa. Ya buɗe baki zai tambaya.

Sai tari ya sarƙe ta. Wannan ba na tsohuwa ba ne, na Auta ne, tarin da ya saba ji ta bayan bango. A tsakiyarsa ta leƙo kamar mai ɗago kai daga cikin ruwa, ta ce, “Yaya, ƙirjina.”

Ya rufe bakinsa. Ya je ya buɗe akwatin aikinsa ya ɗauko ƙarfen kankara. Ya auna taƙi ɗaya sama da layin ruwa, kamar yadda yake yi a gidan kowa, ya ja layi. Sannan ya sa ƙarfen a ƙarƙashin babban yatsa. Yaɓen ya riga ya ruɓe, bai yi gardama ba. Hannun ya zubo gaba ɗaya cikin 'yan mintuna, ya zama tsibin jiƙaƙƙen yashi a gindin bango.

Muryar ta yi wani dogon nishi. “To ina zan nufa? Hanya duk ta bushe.”

Mai-fanka ne ya amsa, karo na farko. “Ba zan ƙara zuba ki a kwata ba. Duk abin da injin ya tara, ni zan kai shi kogi da hannuna, har bangon ya bushe.”

“Ka rantse?”

“Na yi alkawari.”

Malam ya sa ta rantse ita ma, cewa ba za ta dawo ba, ba za ta taɓa wani na gidan ba. Ya ci gaba da karatu. Jikin Auta ya ɗauki rawa, daga kai ya sauko, har ya tsaya a ɗan yatsan ƙafarta. Wata 'yar lema ta fito a wurin, ta bi daɓe kamar sawun dodon koɗi, ta shige cikin bango. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta dubi mutanen da ke kanta, ta ce, “Wa ya jiƙa mini kai?”

Ba wanda ya iya dariya sai Malam.

Kwana tara injin ya yi yana aiki. Kowace yamma Mai-fanka yana juye tankin a jarka, ya ɗaura a babur, ya kai bakin kogi. Yashin bangon ma can ya kai shi, a cikin buhu. Ranar farko jarkar ta yi nauyin da sai da tela ya kama masa, yana cewa, “Yau kuma ruwa ake mayar wa kogi? Lallai duniya ta zo ƙarshe.” Kullum nauyinta yana raguwa. Duwatsu ba su ƙara faɗowa ba. Auta, da take kwana gidan gwaggo, tarinta ya fara sassautawa.

A rana ta tara, abin da ke tankin bai cika kofi ba. Ya durƙusa a bakin kogi ya zuba a hankali. Ya daɗe a wurin. Sau biyu tambayar tana zuwa masa har bakin harshe. Ruwan ya yi ta wucewa abinsa, bai ce komai ba, shi ma bai tambaya ba.

Da ya dawo gida ya tarar da Auta ta dawo tana shara, Baba yana murɗa rediyo yana neman tasha. Ya wuce su ya shiga ɗakin. Ya soka allurai biyu a bango, na'urar ta nuna kore. Ya cire ledar taga. Warin fumfuna ya tafi, warin laka ya tafi, har ɗan ƙamshin man Umma da yake tsammanin yana ji a kusurwar gado, shi ma injin ya zuƙe. Aiki ya yi kyau, ko a gidan wa ya yi shi zai yi alfahari.

Ya ɗaga hannunsa ya dafa daidai inda nata yake, ya danna sosai, ya daɗe. Da ya cire, babu ko alama.